Turmin da Ya Tare Amalanke

Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne damina biyu bayan an zuba wa hanyarmu kwalta, kafin a rufe iyaka shinkafa ta yi tashin gwauron zabo. Annobar nan da ta hana mutane zuwa aikin Hajji ba ta iso ba tukuna. In kuwa da lissafin gidanmu za a bi, shekarar ce rijiyar bayan masallaci ta rufta, kuma a cikinta ne haƙorina na gaba ya fita, wanda har yau ban yafe wa gurjiyar da ta yi sanadinsa ba. An riga an sare dawa, kara yana jibge a bakin gonaki.

Garinmu ƙarami ne, yana kan hanyar da ta taso daga Baure ta nufi Babban Mutum. A tsakiyarsa hanyar ta yi kwana, ta zagaye katangar wani tsohon gida. Da ka sha kwanar sai ka yi arba da darbejiya, a ƙarƙashinta kuwa sai ka gan ni da kaskona. Nan nake tuyar ƙosai tun ina goyon ’yata ta fari. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi, amma ba a taɓa cuta ta a awon wake ba, kuma ƙosaina ba ya shan mai. Duk wanda ya ce ya ci wanda ya fi shi a ƙasar Daura, to da yunwa ya ci.

Lokacin da na fara zama a wurin, hanyar burji ce. Jakuna da raƙuma ne ke bi, mota sai ranar kasuwa. Raƙumi kuwa ba ya sanin faɗin kayansa, sau biyu ana goge mini murhu da gefen buhu. Sai maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ɗauko wani tsohon turmin ƙirya da ya tsage, ya haƙa rami tsakanina da hanya, ya binne shi har rabi, ya cika cikinsa da duwatsu da jar ƙasa. Ya ce duk abin da zai taɓa ni sai ya fara gaisawa da turmin.

Aka kuwa gaisa. Wata shekara da kaka, wani manomi ya taho da amalanken shanu, ya lafta masa dammunan gero har sama. Yana shan kwana ƙudan zuma suka taso wa bijiman. Suka firgita, suka bar hanya, suka yo kaina. Ina riƙe da matsami, ko tashi ban iya yi ba. Ƙafar amalanken ta daki turmin nan, ji kake ƙum, sai komai ya tsaya cik. Ƙarfen ƙafar ya lanƙwashe, dammuna suka zube, bijimi ɗaya ya durƙusa. Turmi ko gezau. Man da ke cikin kaskona ya yi rawa ya koma ya kwanta, ko ɗigo bai zuba ba. Kwana da kwanaki mutane suna zuwa kallon turmin, har daga ƙauyukan da ke kewaye. Daga nan ne mata suka fara matsowa kusa da ni da tallarsu. Ta farkonsu ƙawata ce mai daddawa, wadda muka yi ’yanmatanci tare, mai bakin da ya fi daddawarta ƙarfi. Ta shimfiɗa buhunta a damana, ta ce ita ma ta shiga inuwar turmi.

Shekaru suka tafi, maigida ya rasu, aka zuba kwalta. Babura suka yi yawa, musamman masu zuwa kasuwar bakin iyaka da buhuna ɗaure a baya. Ciniki ya buɗe mini. Direba zai tsaya ya miƙo hannu ta taga, kafin ya gyara madubi na ƙulle masa ƙosai da yaji. Ban taɓa jin tsoronsu ba. In na ga ƙatuwar mota nakan ɗan janye ƙafa, amma babur da ƙaramar mota, me za su yi? Mu da muka tashi cikin dabbobi, da girma muke auna haɗari. Ana kauce wa sa, ba a kauce wa akuya.

Ina da jika, ’yar ’yata ta fari, wadda ta yi karatu mai zurfi har aka ba ta aikin koyarwa a makarantar sakandaren ’yanmata da ke kusa da mu. Abin da take koyarwa sunansa fiziks. Na tambaye ta ko mene ne, ta ce ilimin yadda abubuwa suke motsi da faɗuwa da karo. Na ce ashe gwamnati tana biyan mutum albashi don ya gaya wa yara cewa in an saki tulu zai fashe. Tun daga ranar nake kiran ta Malama, ita kuma in ta so tsokana ta ce mini Tsohuwa. Tana da ’ya, tattaɓa-kunnena, lokacin ba a daɗe da yaye ta ba. Kullum da safe sai ta sauke mini ita ta wuce makaranta, da azahar ta dawo ta ɗauka. Yarinyar nan ita ke kore mini kaji daga ƙullu. Ƙosan farko, ƙarami, wanda ba na sa masa yaji, nata ne. Na haifa, na goya jikoki, amma ban san akwai sauran wuri a zuciyata ba sai da wannan ta zo ta zauna a ciki ta miƙe ƙafa.

Wata ranar kasuwa Malama ta dawo da wuri. Ta tarar da ’yar tana zaune a jikin turmin, ta jingina da shi ta gefen hanya, tana wasa da marfin kwalba. Daidai lokacin wani mai babur ya shawo kwana da buhu biyu, ya kwanto har ƙafarsa ta share yashin gefen titi, ya wuce. Iskarsa ta ɗaga wa yarinyar riga. Ni na saba, ko kai ban ɗaga ba. Malama kuwa ta ƙaraso da sauri. Ta ɗauki ’yarta ta goya da mayafinta na zuwa aiki. Ko sallama ba ta yi wa mai daddawa ba.

Bayan la’asar ta zo gida ita kaɗai, ta same ni ina surfen wake.

“Tsohuwa, ki tashi daga bakin kwanar nan.”

“In koma ina? Ɗakin mijinki?”

“Ko ina ne, in dai ba can ba. Wajen famfo akwai inuwa.”

Na ajiye taɓarya na fara ba ta labarin amalanke. Ta bari na kai ƙarshe, ko da yake ta ji shi ya fi a ƙirga. Sannan ta jawo kujera ’yar tsugune ta zauna.

“Kaka, amalanken nan da geronsa da bijimansa, sau nawa ya fi babur da mutum da buhunsa nauyi?”

“Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Sau goma.”

“Na yarda. To gudu fa? Bijiman nan da kaya a bayansu, sun fi mutum mai sassarfa sauri?”

“Da kaɗan.”

“Baburan kasuwar iyaka sun fi su gudu sau goma.”

“To ai magana ta ƙare, Malama. Wancan ya fi da goma, wannan ya fi da goma. Kunnen doki ke nan. Turmin da ya tare wancan zai tare wannan.”

Na ɗauka na kashe bakinta. Sai ta girgiza kai, ta ce ba haka ake lissafin ba. Ta ce duk abin da yake tafiya yana ɗauke da wani ƙarfi, ƙarfin motsi, shi ne yake saukewa a kan duk abin da ya tare shi. In za a san yawansa, sai a ɗauki gudun abin a ninka shi da kansa, a ninka da nauyinsa, sannan a raba biyu. Rabawar nan ta shafi kowa, ba ta canja wanda ya fi wani. Abin lura shi ne nauyi sau ɗaya yake shiga lissafin, gudu kuwa sau biyu.

“Goman nauyi goma ce, Kaka. Goman gudu kuwa goma sau goma ce, ɗari. Babur ɗaya a irin gudun nan kamar amalanke goma ne su daki turminki lokaci guda.”

“Wa ya ba gudu wannan gata? Ɗan sarki ne shi?”

“Ba ni na ba shi ba. Haka Allah ya tsara abinsa, mutane suka auna suka gano.”

“Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.”

“Ni ba rimi na hau ba, Tsohuwa. Bakin titi na tsaya.”

Na ce turmin nan kakanta ne ya binne shi da hannunsa, kuma ba zan bar wurin da na ci na sha na aurar da ’ya’ya a cikinsa ba saboda lissafin alli. Ta tashi ta gyara mayafi. Muryarta a ƙasa take, babu rashin kunya a ciki.

“Ba zan tilasta miki ba, ban isa ba. Amma ’yata ba za ta ƙara zama a can ba. Gobe gidan gwaggonta zan kai ta.”

Na ce ta gaida gwaggon.

Washegari na hura wuta kamar kullum. Hannuna da kansa ya ɗebi ƙullu kaɗan kafin in zuba yaji, ya saka ƙaramin ƙosan nan a mai. Sai da ya soyu na tuna babu mai ci. Mai daddawa ta miƙo hannu ta ɗauke, ta ce Allah ya ƙara haɗa ni rigima da ’yan boko. Kaji suka shiga ƙullu sau biyu. Haka aka yi gobe, haka aka yi jibi. Gidan gwaggon yana can ƙarshen gari, in na rufe tuya sai in ga ƙafata tana son bin hanyar, sai in tsawata mata. Wata rana na hango su daga nesa, an goyo ta za a je ɗibar ruwa, tana waige-waige wajen darbejiya. Ranar ƙosaina ya ƙone, abin da rabona da yi tun ina amarya. Aka yi mako, aka shiga na biyu. Ba ni da niyyar tashi, ba ni kuma da ƙarfin ci gaba da zama haka.

Mijin Malama tela ne, mutum mai sanyin hali da son barkwanci. Angona nake ce masa, shi kuma ya ce mini amarya. Yana da babur da yake zuwa kasuwanni da shi. Ran nan ya zo ya tsuguna gefen murhu ya sayi ƙosai.

“Amarya, kin rame.”

“Kishi ne. Ka bar ni ka tare a wajen waccan mai allin.”

“Gidan nawa ma ba daɗi. Ita ba ta barci, ’yar tana ta kiran ki. Ta ce in gaya miki gani ya kori ji. Ran Asabar in kin sauke kasko, mu haɗu a filin idi, ta nuna miki abin nan da idonki. In ƙarya ne, Litinin za ta kawo miki ’yar har bakin turmi.”

“In kuwa gaskiya ne?”

“Ba ta ce komai a kan wannan ba.”

Wannan ne ya sa na yarda. Da ta gindaya mini sharaɗi, da ban je ba.

Filin idinmu faƙo ne, shimfiɗaɗɗe, ƙasarsa da tauri. Muka je mu huɗu, ni da Malama da angona da mai daddawa, wadda ta ce ba za a yi abin kunya babu ita ba. Na taho da ƙwaryar ƙulluna cike da toka, don an ce in zo da ita. Malama ta ja layi da tokar a tsakiyar fili. Ta ce tela zai taho daga can ƙarshe, da ya iso kan layin sai ya take birki da iyakar ƙarfinsa, mu ga inda babur zai tsaya. Ƙarfin motsin nan, in ji ta, ƙasa ce za ta cinye shi da gurzar taya, don haka tsawon jan da tayar ta yi shi zai nuna mana yawansa. Karon farko allurar agogon babur za ta tsaya a kan ashirin, karo na biyu a kan arba’in.

Na ce ni ban san ashirin ɗin agogo ba, kuma miji da mata bakinsu ɗaya. Wa ya sani ko zai ƙara wuta a karo na biyu? Sai na nemi nawa ma’aunin. Akwai wata aduwa a gefen filin, da ɗan nisa kafin layin tokar. Na ce daga sa’ad da ya gifta aduwar har ya taka toka zan riƙa tafi, irin bugun da muke yi a turmi, mai daddawa tana ƙirgawa. In gudun ya ninka da gaske, tafin zai ragu da rabi. Malama ta yi murmushi ta ce wannan awo ne mai kyau, ita ma da shi za ta yi wa ɗalibanta.

Tela ya taho a hankali, kamar mai rakiyar amarya. Na tafa, mai daddawa ta ƙirga goma sha biyu. Ya take birki, taya ta ja ƙasa, ya tsaya. Muka je muka duba sawun. Na aiki angona bakin gona ya kwaso karan dawa rungume guda, na zaɓi dogo wanda ya yi daidai da tsawon sawun, na kakkarya sauran a kan tsawonsa. Kara ɗaya ke nan.

“To Kaka, in ya ninka gudun, kara nawa?”

“Yaron goye ma ya sani. Biyu.”

“Ni na ce huɗu.”

Na jera kara biyu daga layin toka, na ƙara taku biyu don kada a ce na yi rowa, na tsaya a wurin na riƙe ƙugu. Na ce ya taho, a nan zai same ni. Tela ya kashe babur ya sauka.

“Wallahi amarya, ko za ki sake ni ba zan hau ba.”

“Matsoraci. Da kakan matarka ne da tuni ya taho.”

“Shi ya sa ya binne miki turmi, ya san halinki.”

Mai daddawa ta ce in bar su su gwada, in na mutu ita za ta gaji kaskon. Malama ba ta yi dariya ba. Ta zo ta kama hannuna ta janye ni gefe, ta zazzage sauran tokar, ta kife ƙwaryata daidai inda sawun ƙafata yake. Ƙwaryar nan ta daɗe a hannuna, na ɗinke ta sau biyu.

Tela ya koma ƙarshen fili ya taho. Ya gifta aduwa, na tafa, mai daddawa ta ce shida. Ya take birki a kan toka. Na ga tayar baya ta daina juyawa, amma babur bai san an yi ba. Ya wuce karan farko, ya wuce na biyu, ya bi ta kan ƙwaryar nan kamar ba a ajiye komai ba. Sakaina ta tashi sama. Ya ci gaba da jan ƙasa yana karkacewa, tela yana dogara ƙafa, sai can ya tsaya.

Na ɗebi kara na bi sawun ina jerawa da hannuna. Huɗu, har da ɗan ragowa kamar kamu ɗaya. Na ce a sake. Tela ya ce tayarsa fa ba gado ya ci ba, amma ya sake. Wannan karon huɗu ba kaɗan. Na tsaya ina duban gutsattsarin ƙwaryar, wani ya faɗa har gefen fili. Inda aka kife ƙwaryar, nan ne ƙafafuna suke ɗazu.

“Masu zuwa kasuwar iyaka fa, a kan nawa allurarsu take?” na tambaya.

Tela ya ce in sun sami hanya, ninkin wannan na biyun, wasu ma su ɗara.

Ban jira Malama ba. Mai tuya ba ta rasa lissafin ninki. In ninki ɗaya ya mai da kara ɗaya huɗu, wani ninkin zai mai da kowane ɗaya daga cikin huɗun nan huɗu. Na ce goma sha shida. Ta ce haka ne. Ta ƙara da cewa kwalta ta fi faƙo riƙe taya, don haka a kan titi mai tsabta ba zai kai haka ba, sai dai kwanarmu kullum yashi ne kwance a kanta. Kuma wannan lissafin na wanda ya take birki nan take ne, ba a sa lokacin da zai ɓata kafin ƙafarsa ta ji abin da idonsa ya gani ba.

Na ce angona ya ɗauko karan ya biyo ni. Muka zo bakin kwana da rana tsaka, mutane suna kallonmu kamar masu shirin yin danga a kan titi. Na sa shi ya koma bayan katangar tsohon gidan nan, ya taho a ƙasa sannu sannu, ya tsaya daidai inda idonsa ya fara hango murhuna. Ya tsaya. Daga ƙafarsa na fara jera kara a gefen hanya, ina tafe ina sunkuyawa, bayana yana ƙara. Na tara ne ya taɓa turmin. Sauran bakwai ɗin suna rungume a hannun tela. Na dubi inda za su kai in an jera su. Sun wuce murhu, sun wuce buhun mai daddawa, sun wuce inda yarinyar take kwanciya in barci ya ɗauke ta.

Malama tana tsaye a gefe. Ina jiran ta ce wani abu, ko da “kin gani” ne. Na riga na tanadi amsa. Ba ta ce ba. Sai ta sunkuya ta fara tattara karan, ta ce wa mijinta ya kai mini gida, zai yi amfani a murhu.

Ran Lahadi na sa aka kwashe mini duwatsun murhu aka kai wajen famfo, cikin gari, inda babu abin da ke wucewa sai jakuna da masu ɗibar ruwa. Duk wanda ya tambaye ni dalili, na ce hayaƙin motoci ne yake ɓata mini mai. Aka tambayi Malama a gidan suna, ta ce ai Kaka ta daɗe tana kukan hayaƙin nan. Tela ma haka ya riƙa faɗa a kasuwa. Mai daddawa kaɗai ce ta so ta tona, amma da yake kowa ya san bakinta, babu wanda ya ɗauka.

Ran Litinin da sassafe, ko wuta ban gama hurawa ba, na ji an rungume ƙafata ta baya. Ban juya nan da nan ba, don hayaƙi ya shiga mini ido. Malama ta ajiye ’yar jakar kayanta a kan benci.

“Tsohuwa, ga ajiyarki. Kada ki cika ta da maiƙo.”

“Tafi ki koya wa ’ya’yan mutane fasa ƙwarya.”

Da azahar ta dawo da sabuwar ƙwarya, babba, mai kauri. Na juya ta na ƙwanƙwasa na ce ba ta kai tawa ba. Da ita nake aiki har yau.

Ba zan ce tashin bai taɓa ni ba. Direbobi ba sa shigowa cikin gari, sai da na rage awon wake kusan da rabi, kuma na daɗe kafin ’yan ɗibar ruwa da masu dawowa daga asuba su cike mini gurbin. Na yi kewar darbejiyata, na yi kewar ganin baƙin fuska da jin labarin garuruwa. Mata biyu daga cikin masu talla sun biyo ni daga baya. Mai daddawa ta ƙi. Na je na same ta har sau uku, na ce ke fa kika ƙirga tafin da bakinki. Ta ce ta ƙirga, amma ajali ba ya bin kara. Na ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Ta ce to ita ta zauna ya taimake ta. Kullum in ta tashi kasuwa sai ta biyo ta wajen famfo ta ce mini, “Mai lissafi, yau ma ba a buge ni ba.” Ni kuwa in ce Alhamdu lillahi, kuma har zuciyata nake faɗa.

Gaskiyarta ce, har yau babu abin da ya daki turmin nan. Wasu suna ganin wannan ya nuna tashin banza na yi. Ni ba haka na gani ba. Na tsaya a inda ƙwarya ta tsaya, na san abin da na gani. Shekarun da na yi a bakin kwanar bayan zuwan kwalta, ina zaune da ’yar mutane a gaban abin da ban san girmansa ba, Allah ne ya tsare, ba dabarata ba, kuma ba na gajiya da gode masa. Maigidana ya yi mini katanga daidai da zamanin shanu, ta kuwa yi aikinta, Allah ya haskaka kabarinsa. Jikata ta auna mini zamanin da nake ciki. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba lissafin ba ne, ko da yake na riƙe shi, har nakan tsayar da matasan unguwa masu babur in tambaye su kara nawa. Yadda ta bi da ni ne. Ta hana ni abin da na fi so ba tare da ta ɗaga mini murya ba, ta bar ni na jera karan da hannuna, sannan ta rufa mini asiri a gari. Wanda aka yi wa haka a tsufansa, an yi masa sutura. Allah ya sa nata jikokin su yi mata fiye da haka.

Manomin da bijimansa suka firgita ya daɗe da rasuwa, ’ya’yansa sun sayar da amalanken. Cikin matan da muka zauna a bakin kwana tun zamanin burji, mai daddawa ta rasu bara da azumi, a kan gadonta, tana faɗa da surukarta a kan gishirin miya. Ni na yi mata wanka. Mai gyaɗa ta riga ta. Saura mai fura, wadda idonta ya tafi, tana Dutsi wajen ɗanta, takan aiko mini da gaisuwa in an sami mai zuwa. Tela yana nan, furfura ta fara fito masa a gemu, ya ce ni na jawo masa. Malama tana nan tana koyarwa, ta ƙara haihuwa biyu. Sai ni, da ’yar da aka yi rigimar dominta. Tana aji huɗu yanzu, ta fi ni tsawon wuya, kuma in an tashi makaranta ba ta zuwa gida sai ta biyo ta wajen famfo ta zauna a gefena tukuna.